Doki Ɗan Makaranta da Masu Yi Masa Dariya

Ku gama dariyar tukuna, ba sauri nake ba. Na san abin da ya taɓa ku. An ce muku a Biyenna, babban birnin Ostiriya, akwai makarantar da ake kai doki yana ɗan shekara huɗu, ya yi wajen shekara shida yana ɗaukar darasi kafin malamansa su yarda ya ƙware. Ga Alhaji can ya turo hula gaba yana tambaya ko digiri dokin zai yi. Ga Hajiya tana cewa Bature dai in cikinsa ya cika ba ya rasa abin ɓata lokaci. Ga wani ɗan samari a bayan layi, wanda duk hawan da ya taɓa yi bai wuce na dokin haya ranar sallah ba, yana rantsuwa a ba shi dokin wata uku kacal ya miƙar da shi. Sannunku da ƙoƙari. Ku matso, ku gyara zama.

Wasan da ake horar da waɗannan dawaki dominsa shi ake kira diresaj. Babu tsere a cikinsa, babu tsallake shinge. Fili ne na yashi mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, an kakkafa haruffa a gefensa don mahayi ya san inda zai fara kowane motsi da inda zai ƙare shi. Alƙalai na zaune a 'yan rumfunansu, kowane motsi su ba shi maki daga sifiri zuwa goma. A matakin ƙoli, wato Grand Prix, doki zai yi sassarfa a wuri ɗaya, taku 12 zuwa 15, bai ci gaba ba bai ja da baya ba. Zai juya a kan ƙafafunsa na baya yana cikin sukuwa. Zai ratsa filin yana canja ƙafar da ke jagora a kowane taku, sau 15 a jere. Sharaɗin kuma shi ne mai kallo ya ga kamar mahayin zama kawai yake yi a kan sirdi, dokin ne ya ga dama.

"To ai rawar doki ce, mun san ta." Kun san ta, Alhaji, ban musa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawa ya ga ingarma yana taka rawa ana busa masa algaita. Sai dai a can filin yashin alƙali ba ƙafa kaɗai yake kallo ba. In doki ya wangale baki, ko ya zaro harshe, ko yana ta kaɗa wutsiya don haushi, maki ne ke zubewa. In aka ga jini a bakinsa ko a haƙarƙarinsa inda ƙaimi ke taɓawa, an kaɗa ƙararrawa ke nan, ku tattara ku fita. Rawar da aka samo da ciwo ba ta da kasuwa a ƙa'idar wasan, ko da yake za mu zo kan yadda ake yi wa ƙa'idar kwana.

Dalilin jinkirin a jikin dokin yake. Allah ya halicce shi da nauyi a gaba: kai da dogon wuya da ƙirji duk ƙafafun gaba ke ɗauke da su, har kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa can yake sauka in yana tsaye. Ka ɗaura masa sirdi a bayan kafaɗa, ka hau, ka ƙara wa gaban kaya. Abin da diresaj ke nema kuwa shi ne dokin ya lanƙwasa gaɓoɓin ƙafafun baya, ya shigo da su ƙarƙashin cikinsa, kuturi ya ɗan sauka, gaba ya yi sauƙi ya ɗago. Dabba mai nauyin kilo 600 ake roƙo ta ɗauki kanta da mahayinta da ƙarfin cinyoyi da gadon baya. Tsoka ce sai an gina ta sannu a hankali, jijiya ce sai ta yi ƙwari, kuma jijiya ta fi tsoka nawa. Dukushi mai kaifin kai yana iya gane abin da kake so cikin 'yan kwanaki, ya yi maka don ya faranta maka rai, alhali jikinsa bai kai ɗaukar abin ba. Irin waɗannan masu saurin ganewa da son aiki su aka fi lalatawa, don ba sa cewa a'a sai ƙafa ta kumbura.

Na ji Malam ya yi gyaran murya. Na san abin da zai jefo mini: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah gafarta Malam, in ladabi ake nufi, na bi ka salla. Dukushi tun yana bin uwarsa ake koya masa ya yarda a sa masa ragama, a ja shi ya biyo, a ɗaga masa ƙafa a duba kofato bai yi harbi ba. Amma in gadon baya ake nufi, a dakata. Ƙashin dabba mai tasowa yana da guringuntsi a bakin gaɓoɓi, ta nan yake ƙara tsawo, kuma sai girma ya ƙare guringuntsin ke rikiɗa ya zama ƙashi. A jikin doki abin daga ƙasa yake farawa ya yi sama. Na kusa da kofato yakan rufe tun cikin shekarar farko. Na wajen gwiwa tsakanin shekara biyu zuwa uku. Na ƙarshe su ne na ƙashin baya da wuya, waɗanda sukan kai shekara biyar zuwa shida, dogon doki mai dogon wuya ma ya wuce haka. Ku lura da inda matsalar take: wurin da kake zama a kai, da wurin da kake son lanƙwasawa da linzami, su ne ƙarshen nuna. Dawakin diresaj na yau kuwa, irin na Jamus da Holan da Denmak, zaƙaƙurai ne dogaye. Ɗan shekara uku a cikinsu in ka gan shi tsaye sai ka rantse ya gama girma.

Ku buɗe bakinsa kuma, tunda kun iya duba shekarun doki ta haƙori in za ku saya. Haƙoran gaba na tsakiya yana famfararsu yana ɗan shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. Haƙoran tauna ma suna canjawa a tsakanin nan, kuma sau da yawa ɓawon tsohon yakan maƙale a kan sabon yana sukar dadashi. Bakin ba ya cika sai ya kai biyar. Ke nan duk shekarun da ake koya masa amincewa da ƙarfe a baki, bakin nasa yana cikin gini. Ranar da ɗan shekara uku da rabi ya tashi yana girgiza kai yana ƙin linzami, gwani likitan dabbobi yake fara kira ya leƙa bakin, ɗan gaggawa kuma ya ce taurin kai ne, ya ƙara tsuke igiya. Shi ya sa ake fara su da linzami mai sauƙi, ƙarfe mai gaɓa a tsakiya da zobe biyu a gefe, ba irin namu mai zoben da ke kama haɓa ba, wanda ɗan ja kaɗan ke sa doki ya zauna a kan ƙafafun baya.

Yauwa, ɗan samari ya ɗaga hannu. Ya ce ai dawakin tsere a Ingila da Amurka suna shekara biyu ake sukuwa da su, babbar gasar Kentaki ma ta 'yan shekara uku ce. Ka yi karatu, ƙanena, Allah ya ƙara basira. Kuma akwai gaskiya a bayan maganarka da ya kamata masu tausayin doki su ji: ƙashi da motsi yake ƙarfi. Dukushin da aka ɗaure a turke ana ta zuba masa dusa har ya shekara biyar don wai ana tausayinsa, an cuce shi. Amma ka tambayi kanka shekara nawa dokin tsere ke yi yana aiki. Mafi yawansu sun bar fili a shekarun da dokin diresaj yake tsakiyar karatunsa. Mahayin tsere kuma ɗan firit ne, a tsugune yake kan likkafa, gudu ɗaya ne na minti biyu. Shi wannan ana so ya yi shekara goma ko fiye yana ɗauke da cikakken mutum zaune daram a bayansa.

Saboda haka jiran da ake magana ba zaman banza ba ne. Dawakin makarantar Biyenna, irin da ake kira Lifizana, a gonar kiwo ta Piber ake haifarsu, a kudancin Ostiriya. In zafi ya shigo sai a kora 'yan dukushin makiyaya a kan tsaunuka, su yi watanni suna hawa da gangara a kan duwatsu, suna kokawa da tsere a junansu. Babu mai hawansu, amma ƙafa tana koyon inda za ta taka, huhu yana buɗewa. Abin sha'awa, baƙaƙe ko jajaye ake haifarsu, sai gashin ya yi ta haske shekara bayan shekara har ya koma fari tas tsakanin shekara shida zuwa goma. Jefi-jefi akan sami wanda ya ƙi fari, kuma al'adar makarantar ce a ajiye irinsa ko da guda ɗaya ne a barga, wai yana kawo sa'a. Hajiya, kin ga ashe su ma suna da camfi.

Bari in nuna muku yadda farkon hawa yake a hannun wanda ya san aikinsa. Dukushi ya kai uku ko uku da rabi. An fara yi masa talala da doguwar igiya, mai horo na tsaye a tsakiya, shi yana zagayawa, yana koyon muryar da ke nufin tafi da wadda ke nufin tsaya. Ba a daɗewa, don zagaye yana cin gaɓoɓi. Rannan a ɗora masa sirdi a ja majayi kaɗan, ya kumbura baya ya yi tsalle biyu uku, a ƙyale shi ya gama. In sirdi ya zama ba komai ba, sai a samo mahayi marar nauyi. Ba hawa zai yi ba tukuna. Wani na riƙe da kan dokin, shi kuma ya kwanta da ciki a kan sirdin, ƙafafunsa na reto gefe guda, yana shafa wuyan. Kunnuwan dukushin su juya baya suna saurare, idonsa ya yi fari-fari, numfashi ya tsaya. Kowa ya yi shiru. Can sai ya sauke ajiyar zuciya, ya fara motsa baki yana lasar leɓe. Mahayi ya zame ya sauka, a ba dokin ɗan abin taunawa, a mai da shi barga. Aikin ranar ya ƙare ke nan, ko minti goma sha biyar ba a yi ba. In an fara hawa sosai ma, watannin farko tafiya ce gaba kawai, a manyan da'irori da miƙaƙƙen layi, mahayi na tashi yana zama a sassarfa don kada ya danne bayan, a fita kilisa daji tare da tsohon doki mai hankali. Masu horo da yawa in sun yi haka na 'yan watanni sai su cire sirdi su mai da shi makiyaya ya ƙara girma.

Kada ku ce tausayin 'yan zamani ne. Sojan doki na Jamus, mutanen da yaƙi ke jiran dawakinsu, ƙa'idar hawansu ta 1912, wadda suka sabunta a 1937, shekara biyu ta ware wa sabon doki yana koyon tushe kafin a ɗauke shi cikakken dokin aiki. Daga wannan ƙa'ida aka ciro tsanin horo mai hawa shida da ake koyarwa yau a ko'ina. Ana farawa da daidaiton taku, sannan dokin ya saki jikinsa, sannan ya nemi linzami da kansa ya amince da hannun mahayi. Sai an sami waɗannan ake neman tunkuɗa daga ƙafafun baya, da miƙewa, domin kowane doki a karkace yake zuwa duniya, gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Tattara jiki, wato wancan zama a kan ƙafafun baya da ke ba ku sha'awa, shi ne hawa na shida. Duk rigimar da ake yi a wannan wasa ta masu son tsallake biyar ne su dira a kan na shida.

To ga abokin wasana Bakano ya iso, tun ɗazu yake lissafi da yatsu. Ya ce shi bai ga laifin kowa ba: shekara shida kana ciyar da dabba, ga likita, ga mai gyaran kofato, ga albashin mahayi, yaushe uwar kuɗi za ta dawo, balle riba? Ranka ya daɗe, kai kaɗai ka taɓo inda ke ciwo, kuma ka kwantar da hankalinka, Turai cike take da 'yan'uwanka. Kiwon dawakin diresaj babbar kasuwa ce. A garin Ferden na Jamus an taɓa buga wa ingarma ɗan shekara biyu da rabi kuɗi sama da Yuro miliyan ɗaya a gwanjo. Akwai gasar ƙasa a Warendorf da ake shiga da 'yan shekara uku. Akwai gasar duniya ta matasan dawaki, ajin 'yan biyar da 'yan shida da 'yan bakwai, wadda aka sha yi a Ferden da kuma Ermelo ta Holan. Dokin da ya yi fice a can farashinsa ya tashi sama, na ubansa da na ƙannensa ma haka. Mai saye kuma minti nawa yake kallo? Yana so ya ga wuya ya tanƙwaru, ƙafafun gaba na harbin iska. Mai sayarwa ya san haka, sai ya nemi hanyar da ɗan shekara uku zai yi kama da ɗan shekara takwas. Kun san mangwaron da ake nukawa da sinadari don a riga kowa kai shi kasuwa: waje ja wur, ka gatsa ka ji tsami har ƙwaƙwalwa.

Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai igiyar da ake zargawa ta zoben linzami a ɗaure a majayi, mahayi ya ja kan doki ƙasa da ƙarfin da hannu kaɗai ba zai iya ba. Akwai abin da ake kira rolkur, a naɗe wuyan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, a riƙe shi a haka ana aiki, ba ya ko iya ganin gabansa sosai. A 2009 aka ɗauki bidiyon wani doki a filin share fage na wata gasa a Odense ta Denmak, an naɗe shi haka, harshensa ya fito waje ya yi shuɗi. Duniya ta yi ca. A 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ce lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya haramun ne, Suwizalan kuma ta sa hanin a dokarta daga 2014. Ma'aikatar noma ta Jamus ma a 2020 ta fitar da ƙa'idojin da suka ce kada a fara wa doki horon aiki kafin ya cika wata 30. Ba a kafa doka a kan abin da ba a yi.

Ni a ganina gasar matasan ba ita ce mai laifi ba, yadda ake karanta ta ne. An tsara ta daidai gwargwado: ɗan biyar ba a tambayarsa canjin ƙafa a cikin iska, sai ya kai shida, a bakwai a fara neman canji a jere da somin juyi a kan ƙafafun baya, Grand Prix kuma ba a yarda doki ya shiga ba sai ya kai takwas. Amma wannan iyaka ce ta abin da aka halatta. Mutane suka mai da ita jadawalin da dole kowane doki ya cika, in bai cika ba a ce ya makara. Ga kuma wani abin dariya: a lissafin gasa a Turai duk dawaki ranar 1 ga Janairu suke ƙara shekara. Wanda aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Yuli aji ɗaya suke, alhali wata biyar a jikin dukushi ba wasa ba ne. Girman ma ba a jere yake zuwa ba. Wani lokaci kuturi ya riga kafaɗa tsawo, dokin ya koma kamar mai gangara, abin da ya iya watan jiya ya gagare shi yau. Mai hankali in ya ga haka sai ya koma baya, ya rage aiki, ya jira gaban ya kamo. Takardar haihuwa ba ta san wannan ba, mai hawa ne ke ji a ƙarƙashinsa.

Alhaji ya ce duk wannan zance ne, a nuna masa wanda ya yi haƙuri ya ci riba. To ga goɗiya Dalera ta Jamus, an haife ta a 2007. Jessica von Bredow-Werndl ta ci zinare da ita a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, goɗiyar na da shekara 14, ta sake ci a Faris a 2024 tana da 17. A wannan shekarun dokin tsere ya ga jikokinsa. Ga Valegro na Birtaniya, haihuwar 2002, wanda aka kai shi tantancewar ingarmu a Holan yana ƙarami aka ce bai isa ba, aka dandaƙe shi, mai horar da dawaki Carl Hester ya saye shi da araha. Shi ne ya ci zinare a Landan a 2012 da Riyo a 2016, ya kafa tarihin maki 94.3 cikin ɗari a 2014, aka yi masa ritaya yana da shekara 14 da ƙafafunsa lafiya. Tsarin bargar Hester sananne ne: kwana huɗu a mako ake darasi a fili, kwana biyu kilisa a hanyoyin ƙauye, kwana ɗaya hutu, kuma ana sakin dawakin su yi kiwo a waje. Wata dattijuwa, tsohuwar 'yar wasan Olamfik, ita ce ta riƙa fita kilisa da Valegro. Dokin da ya ci zinaren Olamfik, sai ga shi yana taka kwalta da tsohuwa a bayansa.

Na ga Hajiya tana murmushin mugunta, ta riga ta tuna. Eh, Hajiya, mai hawan Valegro ita ce Charlotte Dujardin, kuma ita ce ta janye daga gasar Faris ana saura kwanaki a fara, bayan an fitar da bidiyon da ya nuna ta tana zabga wa dokin wata ɗalibarta doguwar bulala a ƙafafu sama da sau 20. FEI ta dakatar da ita shekara guda, ta ci ta tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Ba zan wanke ta ba. Amma ki duba abin da bulalar take nema: ƙafa ta ɗagu fiye da yadda dokin ke bayarwa, kuma ta ɗagu yanzu. Cutar dai ita ce wadda muke magana tun ɗazu, kuma ba ta bar gwanaye ba.

A Biyenna an rage wa wannan cuta ƙofa ne ta hanyar da Bakano ba zai so ba: dokin makaranta ba don gwanjo ake horar da shi ba, babu kuma gasar 'yan shekara biyar da ke jiransa. Zauren da suke wasa a ciki tun 1735 aka gama gina shi, har yau mahayi in ya shigo sai ya cire hula ya gai da hoton Sarki Charles na Shida da ya sa aka gina. Sabon ingarma shekarar farko gaba kawai ake tafiya da shi. Daga nan a shiga koya masa lanƙwasa da tattara jiki, sai can a kai ga manyan darussa, su ma ba kowane doki ake koya wa tsallen sama ba, sai wanda aka ga jikinsa da halinsa sun nufi can. Mahayin ma haka ake yi masa. Yaro ko yarinya, don tun 2008 ake ɗaukar mata, zai fara da shara da goge sirdi, a ɗora shi kan tsohon doki a yi masa talala wata da watanni babu likkafa babu linzami a hannunsa har zamansa ya daidaita. Tsohon doki ke koya wa sabon mahayi, tsohon mahayi ya koya wa sabon doki. Ba a kiransa cikakken mahayi sai ya ɗauki dukushi da hannunsa ya kai shi matakin shiga wasa, abin da kan ci shekara takwas zuwa goma sha biyu. Ingarmunsu kuwa da yawa suna haura shekara 20 suna fita gaban jama'a. A 2015 UNESCO ta sa wannan horo cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Ɗan samari, na ga jikinka ya yi sanyi, amma har yanzu kana so ka san ta yaya ake gane doki ya shirya a ƙara masa darasi tunda ba magana yake ba. Yana yi, kunne ne ba a sa masa. Wanda aikin ya yi wa daidai za ka ga bayansa na lilo, wutsiya ta saki tana bin taku, yana furzar da iska ta hanci, ɗan farin kumfa ya zagaye leɓensa. Wanda aka wuce da shi gona da iri sai cizon haƙora, kunnuwa a manne, wutsiya na bulala, tafiyarsa ta taku huɗu ta rikice, ko ka ga da an nufo shi da sirdi ya juya maka kuturi. Akwai gwajin da ba ya ƙarya, har an sa shi cikin jarrabawar matasan dawaki: ana cikin sassarfa mahayi ya saki igiyar linzami a hankali. Dokin da aka gina daidai zai miƙa wuya gaba da ƙasa yana bin linzamin, takunsa bai canja ba. Wanda aka ɗaure da hannu kuwa ko ya cilla kai sama ya ƙara gudu, ko ya bar wuyan a naɗe yadda aka saba masa, ya rasa inda zai sa kansa.

Bidiyon gasannin nan cike suke da intanet, kuma na san daren yau za ku nema don ku kama ni da ƙarya. Bismilla. Amma in kun buɗe, ku ɗauke ido daga ƙafafun gaba, su ne tallar. Ku kalli na baya ko suna shigowa ƙarƙashin ciki ko ana jansu a baya, ku kalli baki, ku kalli wutsiya. In kun ga ɗan shekara biyar yana harbin sama da ƙafa alhali bayansa ya sandare, ku rage masa maki da kanku daga nan kan tabarma, don alƙalan ma ba kullum suke ragewa ba.